Yayana ya ce basir ne, likita ya ce a leƙa hanjinsa

Salamun alaikum 'yan gida. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin bakina.

Ni dai a Badariya kowa ya san ni, in na zauna da mutum ko tsaye yake da tikitin Makka sai na juyo da shi Argungu cin kifi. To wannan bakin yau ya kasa kai mutum ɗaya asibitin Sakkwato, kuma yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya ya haura sittin, shinkafa yake nomawa a Zauro. Tun damina matarsa ta raɗa wa tawa cewa yana ganin jini a bayan gida, ga rama, wandonsa ma sai ya ninka. Ya ce basir ne, ya shanye jarkunan maganin masu lasifika da za su isa ban-ruwan gona guda. Da ƙyar na ja shi wurin likita, likita ya ce a shekarunsa ba a cewa basir sai an leƙa hanji da kyamara a Sakkwato, don kansar hanji haka take farawa, in an kama ta da wuri ana cin galaba.

Ɗan baffanmu da ke Gesse, mai hali, lafiyarsa ƙalau ya je aka duba shi, aka cire masa ɗan tsiro ya dawo yana tuƙa motarsa. Na ba Yaya wannan labari, ya ce wannan aikin masu fansho ne, shi wa zai kore masa tsuntsu a gona? Na ce zan sayar da babur ɗina in biya kuɗin, ya ce in bari a yi girbi. Na yi masa bayani har hawaye suka zo mini, wallahi dariya ya yi, wai na iya wasan kwaikwayo. Duk abin da na faɗa sai ya rage rabi, ya ce haka ake sauraren zancena.

Jama'a, yaya zan yi? In haɗa shi da limaminsu ne, alhali ya ce kada sirrinsa ya fita? Ko in zuba ido har girbi?

Jiya na sake komawa, ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Kai ma hwa ka wuce hamsin. Tahi a leƙa naka tukun, in ka dawo mu yi magana."