Traudel da Bashin Gidan Kan Tudu

Münsingen, 9 ga Fabrairu

Aminina Winfried,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Almut da jikoki. Yaya sanyin Kiel, yaya kuma gwiwar nan taka? Kada ka yi wa rubutuna dariya, da hagu nake yi. Tun da ɓarin jikina ya shanye a watan Disamba, hannun dama ya ƙi komawa aiki. Ina gidan jinya ana koya mini tafiya kamar ɗan yaye.

Ka san gidanmu na kan tudu, matakala talatin da ɗaya daga titi zuwa ƙofa. Likita ya ce in manta da su. Dole mu sayar, mu nemi wuri a bene mai lif. To, a nan gizo ke saƙa. Bashin da na ci na sayen gidan irin mai haɗe da asusun tari ne: kowane wata ruwan bashin kawai muke biya, muna zuba wani abu a asusun, sai bayan shekara goma sha biyar a ɗauki abin da ya taru a biya uwar kuɗin. Matata Traudel ta je banki, aka ce mata in mun fita yanzu akwai tarar Yuro dubu ashirin da ɗaya. In muka biya wannan, abin da zai rage ba zai saya mana ko'ina ba.

Kunya nake ji, Winfried. Shekara talatin da takwas ni ke riƙe da takardu. In ta tambaya sai in ce, "Bari, ba fanninki ba ne." Jiya ta zo duba ni, ban iya haɗa ido da ita ba. Ta gyara mini matashi kawai, ta tambayi inda nake ajiye makullin durowa.

Ka sa mu a addu'a.

Naka,
Gerold

Münsingen, 14 ga Afrilu

Winfried,

Bayan gaisuwa, na gode da wasiƙarka da zagin da ke ciki. Yaya tarin Almut? Allah ya ƙara sauƙi.

Bari ka ji abin da matar nan ta yi. Traudel da ta bar makaranta tana da shekara goma sha biyar, ta ƙare ƙuruciyarta kan keken ɗinki a masana'anta, ita ce ta zauna da yarjejeniya mai shafi arba'in da biyu. Ta ɗora rula tana bi layi-layi. Kalmar da ba ta gane ba sai ta rubuta a bayan ambulan. Da ambulan ya cika, ta hau bas zuwa garin Reutlingen, ta je ofishin da ke ba jama'a shawara kan irin wannan. A can ta ji cewa doka ta ba wanda ya ci bashi damar fita ba tara, in shekara goma ta cika daga ranar da ya karɓi kuɗin gaba ɗaya, sai dai ya ba da sanarwar wata shida.

Saura sanin ranar. Ni na rantse mata a watan Agusta ne. Ta ce, "Gerold, kai da ba ka san ranar aurenka ba?" Ta hau ɗakin shirgi ta sauko da tsofaffin kalandar kicin ɗinta, waɗanda na sha cewa ta zubar. Ga shi da rubutunta: uku ga Afrilu, kuɗin ƙarshe ya shigo. Takardar banki ta tabbatar: bana shekara goma ke nan cif.

Ranar huɗu ga wata ta kai sanarwar da hannunta. Ma'aikacin ya soma yi mata bayanin amfanin haƙuri har sauran shekara biyar ɗin su cika. Ta bar shi ya gama tsaf, ta ce, "Ɗana, ka iya magana. Yanzu buga mini hatimi a nan, da kwanan wata." Ta kuma sa aka rubuta cewa abin da muka tara a asusun za a cire shi daga bashin.

Sai dai wata shida ba kwana shida ba ne, kuma gidan jinya sun sallame ni. Ta tambaye ni ko zan iya zaman falo har Oktoba ban sauka ba. Na ce in ita za ta iya da ni. Mutum huɗu daga ƙungiyarmu ta mawaƙan coci suka ɗauke ni a kujera har sama, suna nishi suna cewa in rage cin taliyar Spätzle.

Ka gaida kowa.

Gerold

Münsingen, 27 ga Oktoba

Aminina,

Da fatan ku duka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka yafe mini shirun, ka kuma lura da sabon adireshi a bayan ambulan.

Mun fita daga bashin, Winfried, ko sisi ba mu biya tara ba, mun kuma koma bene mai lif. Wasu matasa mata da miji suka sayi gidan. Sun so shiga tun bazara, Traudel ta shawo kansu suka jira, ta bar musu lambun suna shuka tun kafin ya zama nasu. Wata shidan nan ita ke yi mini wanka a kicin, ita ke hawa da sauka da kayan cefane, tana da shekara sittin da huɗu. Sau ɗaya na ga ta zauna a tsakiyar matakala, ledoji a gefenta, ta daɗe ba ta motsa ba. Da ta shigo ta ce wai tuffa take dubawa ko sun nuna. Na juya fuskata bango.

Yau da safe na yi abin da ban yi ba tun Disamba. Na ɗauki sandata, na shiga lif, na tafi gidan burodi ni kaɗai. Tafiyar minti biyar ta ci mini rabin awa. Da na ɗaga kai sai ga ta a taga da tsumma, tana goge gilashin da ta goge jiya. Na dawo na miƙa mata ledar. Ta leƙa ciki ta ce, "Ba wannan na ce ba." Sannan ta rungume burodin a ƙirji, ta fashe da kukan da ban ji ta yi ba duk shekarar nan.

Ku zo Kirsimeti. Akwai ɗakin baƙi, ƙarami ne amma namu ne.

Amininka har kullum,
Gerold