Rabin Komar da Ka Bari

Zuwa ga mahaifina, Malam Mamman masunci, mutumin Yawuri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina roƙon Allah Ya sa makwancinka a maƙabartar Ma'ala ya yi maka sanyi.

Baba, yau kwanana tara da dawowa Makka, gajiya ba ta sake ni ba. Attajirin yadin nan da nake yi wa girki ne ciwon ƙirji ya kai Italiya, ya tafi da ni don ba ya cin girkin kowa. Likita ya ce ya huta a bakin teku, aka kai mu wani ƙauyen masunta da ke maƙale a jikin dutse. Mota ba ta shiga, sai matakala, ni kuma da kaya a ka. Gidajensu duka ba su kai na lungunmu na unguwar Utaibiyya ba. Ko'ina ƙarnin kifi.

Ka san abin da ƙarnin nan ya tuna mini. Ka taka da ƙafa daga Yawuri har Makka, ka zauna a garin da ba kogi, kana sayar da ruwa a garwa, amma kullum bayan la'asar sai ka jawo komarka ka hau saƙa. Mutanen unguwa suna dariya, wai Takari zai kama kifi a rijiyar Zamzam. Kakan kira ni ka ce, "Taho ka ga ƙullin ga, Sani, kwanana ba su da yawa." Ni kuwa kunya ta hana ni, sai in sulale. Ka rasu koma tana rabi.

A ƙauyen can akwai wani tsoho mai gyaran koma a gindin kwalekwalensa. Kullum in na je sayen kifi sai in tsaya a kansa kamar maye. Da hannu na nuna masa cewa ubana ma masunci ne. Ya yi murna, ya miƙo mini zare da tsinken saƙa.

Baba, ban iya ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ga naka ɗan ko rarrafen bai yi ba. Na ji kunyar da ta fi waccan ta Utaibiyya. Tsohon bai yi dariya ba, ya kama yatsuna ya juya su, yau da gobe, har sati uku. Abin da na guje wa a ƙofar ɗakinmu kyauta, sai da na haye teku na roƙe shi a hannun wanda ko sallamarsa ban sani ba.

Da na dawo na zazzage buhunka na ciro komar, na ɗora daga inda ka tsaya. Nan na ga ƙullin ba ɗaya ba ne. Naka ta hagu yake zagayowa, na tsohon ta dama. Na kwance ɗaya daga cikin naka don in gane kansa, na kasa mayarwa, ban ƙara taɓawa ba. Na tambayi tsofaffin Takari har unguwar Shisha, babu masunci ko ɗaya.

Zan ƙarasa ta haka nan, Baba. Duk wanda ya san koma zai ga inda hannunka ya ƙare, hannun bare ya fara. Sai dai a garin nan ba wanda zai gane, sai ni.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya zaunar da kai a bakin ƙoramunta.

Ɗanka da ya zo a makare,
Sani.