Usur Ɗinka Yana Wuyana

Zuwa ga Sarkin Sauri, maigidana, uban 'ya'yana, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan randa bayan doguwar tafiya, hasken da ke riga alfijir shigowa ɗakina. Gaisuwa daga Hawainiyarka, wadda asibitinmu ya turo ɗan gajeren kwas wata ƙasa, ta zo da gangar jiki ta baro sauran a gida.

Ka tambaye ni a waya yaya garin yake, na ce maka lafiya lau. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗa maka komai ba. Garin yana da kyau, masoyina, kowa ya ce yana da kyau. Akwai kogi, akwai gadoji, akwai bishiyoyin da aka jera reras kamar ɗalibanka a fili. Abokan kwas ɗina sai ɗaukar hoto suke suna shewa, ni kuwa ido kawai nake bin komai da shi. Ba daɗi, ba ciwo. Ka san yadda ƙafa ke yi in an daɗe zaune a kanta? To haka zuciyata take tun ranar da ka faɗi a filin makaranta da usur a bakinka, kana tsakiyar koya wa yara motsa jiki, likita ya fito ya ce ɓarin jikinka na hagu ya shanye. Ban yi kuka ran nan ba, kuma har yau kukan bai zo ba.

Amma umarninka na bi shi, malam. Ka ce kar in kuskura in zauna a ɗaki ina tara teɓa, in motsa jini kullum safiya. Ranar farko na sauka ɗakin motsa jiki na masaukinmu, na hau injin nan na gudu. Wai mutum ya yi ta zuba zufa yana kallon bango, ga gajiya, ga shi bai je ko'ina ba! Na ce Allah Ya kyauta, na sauko, na ɗaure kambas ɗina na fita titi. Tun daga ranar nake bin tsohuwar dokarka ta baƙon gari: ba a tambayar hanya sai an ɓata, inda ƙafa ta karkata nan ake juyawa. Da haka na faɗa wani lungu inda mai gyaran agogo ke buɗe shago yana hamma. Da haka na ga wata tsohuwa tana ba shukokin tagarta ruwa, rabin ruwan yana sauka a kan masu wucewa. Da haka na bi wata doguwar matakala har kan tudu, garin duka ya shimfiɗu a ƙasana. Na tsaya can ina jira in ji wani abu. Iska kawai na ji a kunnena, sai na sauko na tafi aji.

Shekaranjiya kuwa na zo tsallaka wani babban titi. Danja ta ba mu hannu, kowa ya wuce fuu, ni ina tsakiya ta canza, motoci suka hau yi mini oda. Wata mai sayar da furanni ta rugo ta kama gwiwar hannuna ta fitar da ni, tana nuna hannun tana magana cikin tausayi, ta ɗauka karaya ce. Sai a lokacin na kalli kaina. Ashe tun zuwana garin nan hannuna na dama a lanƙwashe nake yawo da shi, a ɗage, daidai inda kake dafawa. Ashe taku ɗaya nake yi in dakata, ina jiran ƙafarka ta hagu ta iso. Gari guda na zaga da tafiyarka, rabin raina, ina matsa wa mutane gefe don in bar maka hanya, kai kuwa kana wata duniya.

Ka tuna farkon aurenmu? In mun fita tafiya, kana gaba kamar an biyo ka, ina baya ina haki da mita. A kowace kwana sai ka tsaya ka riƙe ƙugu, ka ce Hawainiya, in dai ke za a aika kiran mutuwa to an gode Allah. Amma ko sau ɗaya ba ka sha kwanar ba sai na iso. Ko sau ɗaya! Da ciwo ya juya mana lissafi, kullum safiya daga gado zuwa ƙofar ɗaki, daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida, kana dafe da ni kana zagin ƙafarka, wa ya ce maka wahala nake sha? Lokacin ne kaɗai a rayuwata muka jera kafaɗa da kafaɗa.

Jiya ƙanwarka ta kira ni, kuma kar ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce tun da na tafi ba ka taka ko bakin ƙofar ɗaki ba. Ta ce ka ba maigadi kambas ɗinka. Ta ce da ka ji shugabar kwas ta yi mini tayin in ƙara zama in yi aiki da su, cewa ka yi a lallashe ni in karɓa, wai in huta da jan kaya. Kaya! Kai ne kayan? Da ta ajiye waya na buɗe akwati na ɗauko usur ɗinka, wanda na tarar ka naɗe mini cikin mayafi. Da na ɗauka don in riƙa tunawa da kai ne. Ashe sallama ce. Ni matar malamin motsa jiki ce, na san ba ya miƙa usur sai ya bar fili.

To ka sani, sanyin idona, a nan ne zuciyar nan tawa, da ta daɗe a mace kamar ƙafar da aka zaune, ta fara motsi. Ba kuka ba ne, ba kewa ba ce, haushinka ne ya fara zuwa, kuma wallahi na yi maraba da shi, don shi ne abu na farko da na ji a garin nan. Wa ya ba ka izinin tashi daga wasa alhali ba a busa ba? Kai da kake ce wa yara wanda ya zo ƙarshe ya fi wanda ya zauna? Sannu ba ta hana zuwa, kai ka koya mini, ko da yake da tsokana ka koya mini.

Na ba shugabar haƙuri yau da safe. Kwas yana ƙarewa, jirgi zan hau. Kar ka aiko kowa tarona, kar ƙanwarka ta taɓa sakata, kar yara su rugo. Ka karɓo takalmanka wurin maigadi tun yau, ka fara da bakin gado, gobe ka kai ƙofar ɗaki. In na iso zan ajiye akwatina a ƙofar gida, in busa usur ɗinka sau ɗaya, sannan in tsaya. Rana ta dake ni, maƙwabta su leƙo, ba zan shiga ba sai ka zo da ƙafarka ka buɗe mini. Ɗauki lokacinka, Sarkin Sauri. Kai ne ka yi ta jirana a kowace kwana shekara da shekaru, jiran wannan kwanar nawa ne.

Taka har numfashin ƙarshe, da hannun dama a lanƙwashe,
Hawainiyarka