Tangaɗin Kalilu Ba Na Giya Ba Ne

Jibiya, 1976

Zuwa ga Yaya Lawwali,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali a Ikko. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a baƙon wuri. Inna tana nan, sai ciwon ƙafa. Ƙanwarmu Hajo ta sauka lafiya, an sami mace.

Maganar ƙanenmu Kalilu ce ta sa na rubuto, kuma raina a ɓace yake. Na san abin da direbobi suka kai maka, wai tunda kuɗi suka yawaita yake jigilar kaya zuwa Maraɗi, ya koyo shan giya a can. Yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi, yana amai da safe, duk gaskiya ne. Maigidansa ya karɓe makullin mota, 'yan dako a bakin iyaka suna kwaikwayon tafiyarsa, a masallaci ana matsawa daga gefensa. Kai kuma ka aiko cewa ba za ka ƙara taka gidan mashayi ba. Yaya, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan.

Da ƙahon da wanzami ya kafa masa a ƙeya bai yi amfani ba, muka kai shi asibiti a Zariya, aka ɗauki hoton kansa. Likita ya ce a ƙeya, daga ciki, akwai kwarmi kamar ƙaramin ƙoƙo. A nan ƙaramar ƙwaƙwalwa take, wadda ke daidaita tafiya. A ƙasansa akwai babbar kafa inda laka ke sauka zuwa gadon baya, a gefe kuma ƙananan kafofi da jijiyoyin ji, da haɗiya, da murya, da harshe ke bi, tare da jijiyoyin jini. Ƙari ne ya fito a wurin, ƙashi kuwa ba ya buɗawa, sai ƙarin ya danne su. Ya ce mun makara, ƙarin ya naɗe jijiyoyin jini, ba ya fiɗuwa. Bayan ya taɓa haɗiya, numfashi zai taɓa.

Yanzu kunnensa na hagu ya mutu, ko kunu ƙware shi yake yi. Na yi wa mutane bayani har na gaji, sun ce rufin asiri muka sayo a asibiti. Ni na fid da rai da warkewarsa. Abin da nake tsoro shi ne a binne shi da sunan mashayi. Ka zo, ka shiga gidansa da rana tsaka kowa ya gani, don kai ne babba, kai za a yarda da kai.

Ka gaishe da Sakinatu da yara. Inna tana sa maka albarka. Na tambayi Kalilu ko in ce yana gaishe ka. Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita, sai ya kama hannuna ya matse. Na ɗauka gaisuwar ke nan.

Ƙanwarka,
Barira