Ginshiƙi Ya Yi Magana

Oulu, Finland
Maris, 2019

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafarka? Yaya Mama da su Clinton? Ni lafiya lau. Sanyi ya ɗan farfasa min hannu, amma kada Mama ta ji.

Baba, abu ya yi! Ka tuna 'yar na'urar da muke binnewa cikin kankare, don ta sanar da mu idan ginshiƙi ya fara tsagewa? Ba batir, ba waya. Malamina ya ce in ba ta yi aiki ba, tallafin karatuna ya ƙare, sai gida. Abinci ma sai da ya gagare ni. Jiya na kara akwatin da ke tura mata wuta a jikin simintin, sai ga ta ta farka tana ba da rahoto. Ihun da na kurma da Hausa sai da Turawa suka firgita!

Tun ina ƙarama nake ganin ka a wurin gini, kana ƙwanƙwasa ginshiƙi kana kasa kunne. Yanzu da kansa zai amsa maka.

Roƙona ɗaya: kada a zuba ginshiƙan gidanmu na Unguwar Boro sai na zo Kirsimeti. Na'ura ɗaya na cikin jakata. Ni zan saka, kai ka zuba.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Celina