Akwatin Wasan da Baba Ya Hana a Huda

Haɗejiya, Jihar Jigawa
9 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Gwadabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Shamsiyya da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare mana ku a can Fatakwal. Mu nan alhamdulillahi. Inna tana fama da ƙafarta kamar kullum, ƙanwarmu Auta ta gama jarrabawa, shinkafarmu ta fadama kuwa ruwa ya cinye rabinta. Kogi ya kawo har gindin jinga, mutanen unguwa sai ɗura yashi a buhu suke yi. Na rubuto ne maimakon in kira, domin da zarar wayarka ta shigo Baba yake kasa kunne, ni kuma maganarsa ce ke cina.

Ka tuna kayan da ka aiko bayan Sallah, ƙaramar na'urar gem da sandar wasa da jajayen maɓallai shida? Ka ce a haɗa musu akwati dogo irin wanda kuke tsayawa a gabansa a shagon gem kuna yara, ko hannun Baba da ya shanye zai samu abin motsawa. Wallahi dariya na yi maka a lokacin, ashe kai ne da gaskiya. Mutumin da ya yi wata biyar yana kallon bango, ranar da ya ga zanen akwatin da ka aiko sai ya ce a ciro masa katakon maɗacin da ya ajiye tun yana haɗa kwale-kwale. Gidan nan kaf ya koma shagon kafinta. Ni ce mai zarto, Auta ce mai fenti, Inna ta ba da tsohuwar talabijin ɗinta tana mita, Baba kuwa yana kan kujera yana nuni da sanda, yana yi mini faɗa kan duk layin da ya karkace. Faɗan nan daɗi ya yi mini, Yaya, don na daɗe ban ji muryarsa da ƙarfi haka ba.

To, ga inda aka samu matsala. Baba ya ce ƙasarmu ta ruwa ce, duk abin da zai zauna a zaure dole ya iya zama a kogi. Ya sa muka cusa tsumma a kowace tsaga muka bi da kwalta mai zafi, har ramin da waya ta fita bai bari ba. Wa ya isa ya yi gardama da wanda ya shekara arba'in jirginsa bai taɓa shan ruwa ba? Ranar da muka kunna, kai, zo ka ga murna! Baba ya ɗora shanyayyen hannunsa a kan sandar wasan, yatsu biyu suka motsa, Inna ta fashe da kuka. Ba a yi minti goma ba allon ya ɗauke. Muka bari ya huce muka sake kunnawa, haka dai. Muhammadu mai gyaran rediyo ya zo ya taɓa bayan akwatin, ya janye hannu da sauri, ya ce dafa na'urar muke yi, ba ta samun iska, in ba a huda bayan ba za ta ƙone ƙurmus.

Tun ranar Baba ya kafe. Ya ce shi toshe huda ya sani, bai taɓa huda abin da ya haɗa ba. Na lallaɓa, na yi fushi, Inna ta sa baki, duk a banza. Yanzu akwatin yana tsaye a zaure babu mai kunnawa. Yatsun da suka fara motsi sun koma sun ƙage, abinci ma loma uku yake yi ya ture kwano. In na huda a ɓoye zai ce na raina shi, in na bari ina kallo yana komawa gidan jiya. Gaba kura, baya siyaki. Na rasa yadda zan yi da raina.

Makon jiya da hantsi na tarar ya ja kujerarsa har bayan akwatin, ya zana da'ira shida da alli, da hannun hagu. Na ɗauko abin huda katako da murnata, sai ya karɓe, da aka mai da shi ɗaki ya tura ƙarƙashin katifarsa. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san dole a huda, amma wanda ya aiko da na'urar shi zai zo ya buɗa mata hanyar iska da hannunsa. Sai a lokacin na gane, Yaya, ba hudar yake ƙi ba. Shekara huɗu ke nan rabonka da gida. Na san ba a ba ku hutu yadda ake so, kuma ba laifi nake ɗora maka ba, amma ni dabarata ta ƙare.

Inna da Auta suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Anti Shamsiyya, ka shafa mini kan ɗiyarka Zainaba, ka ce gwaggonta ta ajiye mata jan maɓalli guda.

Danshin damina yana cinye allin nan. Kullum da safe, kafin a fito da Baba zaure, nakan sake bi a kan da'irorin, don kada ya ga sun goge ya ce ba za ka zo ba. Ka zo, Yaya, ko na kwana biyu ne.

Ƙanwarka mai jiranka,
Huseina