Tagar da na ha'inta tana saman kan Babana

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. A ɓoye sunana don Allah. Na san za ku zage ni, amma ku bari ku kai ƙarshe tukuna.

Ni budurwa ce daga wani ƙauye a gefen Minjibir. Da na gama sakandare na je Kano wajen gwaggona, a can na koyi haɗa tagogin gilashi mai launi, irin wanda ake yankawa ƙanana a haɗa da dalma ya ba da zane. Da na dawo ba ni da ko abin yanka. Inna ta sayar da awakinta, ni na sayar da gyaɗar gayaunata, na kwashi adashi na ƙara, na fara aiki a rumfar bayan gidanmu. To wa zai bar budurwa ta shiga gidan da ake gini tana awon taga a cikin magina? Shi ya sa na jawo ɗan baffana, wanda nake ce wa Yaya. Shi ke awo, shi ke kai kaya, mu raba riba. Na yarda da shi fiye da wanda muka fito ciki ɗaya.

Kwatsam ƙawata ta nuna min bidiyo a waya. Ga Yaya a sabon shago a Minjibir, sunansa a allo, tagogina a jingine, yana cewa shekara da shekaru ya yi yana koyon wannan sana'a. Ashe wani Alhaji ne ya ga aikin ya ba shi jari. Na tare shi a zaure na ce, "Yaya, nuna min yatsunka." Ya ce, "Na me?" Na ce, "In ga inda gilashi ya taɓa yankanka." Wallahi dariya ya yi. Ya ce, "Ke dai kin cika zafin kai. Wa zai ba mace jari? Gobe a ɗauke ki a kai ki wani gari. Ki yi aikinki, zan riƙa sallamarki." Sallama? Ni? A kan awakin uwata?

Sai ga shi ya kawo awon wata babbar taga, ya ce ta Alhajin ce. Na ɗauka ta gidansa ce a birni. Anti, ga abin kunyar. Taga mai girma haka sai an ɗaura mata sandunan ƙarfe a baya, kuma a liƙe dalmar gaba da baya. Ban sa ƙarfen ba, kuma fuska kawai na liƙe. Ta yi kyau kamar me, amma in iska mai ƙarfi ta buge ta, zubowa za ta yi. So nake Yaya ya ji kunya a gaban mai kuɗinsa, a ce masa gyara, ya tsaya yana zare ido. Bai lura ba. Ina zai lura?

Ranar Juma'a Baba ya dawo yana murna. Ya ce, "Kin ga abin da ɗan'uwanki ya yi wa masallacinmu? Alhaji ne ya ba da sadaka. Daidai inda nake zama aka sa ta, har kore-kore take zubo min a riga." Na ajiye tuwon da ke hannuna na fita. Na bi ta bayan masallacin na leƙa. Ita ce.

Yanzu hadari ya fara haɗuwa, kowa ya san iskar farkon damina a nan. Na ce wa Yaya a sauke ta akwai gyara, ya ce baƙin ciki nake masa. In na faɗi gaskiya, ni ce yarinyar da ta ha'inci ɗakin Allah, ba mai sake ba ni aiki, shi kuma ya fita fes. In na yi shiru, Baba ba ya fashin sahun gaba.

Ɗazu na ji an kira la'asar, ga iska ta taso, Baba ya ɗauki butarsa ya fita. Me zan yi?